Sawakin, ƙofar alhazan ƙafa

Maniyyacin da ya bar Katabu yau ya nufi sansanin alhazai na Mando, da zarar jirgi ya ɗaga, 'yan sa'o'i ne sai ga shi a ƙasa mai tsarki. Kakanninmu kuwa shekaru suke shafewa a hanya, ta Borno da Wadai da Darfur, suna noma suna ƙwadago, kafin su ɗora ido a kan Bahar Maliya. Da yawansu a Sawakin suka fara ganinta.

Wurin ɗan lungun teku ne a gaɓar Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan. Ruwa ya kutso cikin ƙasa ta wata siririyar mashiga tsakanin duwatsun murjani, sannan ya buɗe kamar ƙwarya, da ɗan kewayayyen tsibiri a tsakiya. Jirgin da ya shigo nan ya tsira daga igiyar ruwa. Ibn Baɗuɗa ya biyo ta nan a ƙarni na 14, Turkawan Usmaniyya suka mallaki garin a ƙarni na 16. Da dutsen murjani aka gina benayen tsibirin, an shafe su da farar ƙasa, tagoginsu na sassaƙaƙƙen katako suna leƙo titi.

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, mutanenmu suka ƙara kwarara gabas. Wasu suka tsaya garin Mai Wurno a Sudan. Wasu suka yi tsinkar auduga a yankin Jazira har kuɗin jirgi ya haɗu, suka gangaro Sawakin, aka killace su don binciken lafiya kafin su haye Jidda. Takari ake ce musu. A ganina duk tarihin aikin hajjinmu da ya tsallake wannan gaɓa bai cika ba.

Ƙuncin mashigar da ya kare garin shi ya ci shi. Manyan jiragen tururi ba sa shiga cikin sauƙi, sai Ingilishi suka soma gina Fot Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909. Attajirai suka kwashe. Murjani kuwa in ba a yi masa yaɓe ba sai ya ruɓuke, benaye suka dinga zubewa ɗaya bayan ɗaya.

A 1991 aka buɗe sabuwar tasha a bakin mashigar, da sunan Usman Digna, kwamandan Mahadin Sudan. Daga nan jirage suka koma ɗibar fasinja da tumaki zuwa Jidda, suna barin kangon tsibirin a bayansu.