Digirin digirgir a fiziks na nazari: wace ƙasa ce ta dace da ɗalibi daga Tamale?

Fiziks na nazari shi ne reshen kimiyya da ke amfani da lissafi wajen bayyana yadda halitta take aiki, tun daga ƙananan ƙwayoyin zarra har zuwa taurari. Aikinsa ba ya buƙatar manyan na'urori. Abin da yake buƙata shi ne malami mai sa ido wanda ya san fannin, da abokan tattaunawa, da kuɗin zama na shekaru uku zuwa shida. Don haka ɗalibin da ya tashi a Nyohini ko wata unguwa ta Tamale zai fi amfana idan ya fara da neman malami da tallafi, daga baya ya duba ƙasar da suke ciki.

Matakin farko a gida

Jami'ar UDS ta Tamale an kafa ta a 1992, reshenta na Navrongo kuma, inda ake koyar da kimiyya, ya zama jami'a mai zaman kanta, C. K. Tedam. A Kumasi akwai KNUST, inda Farfesa Francis Allotey ya koyar. Allotey, ɗan garin Saltpond, ya yi digirin digirgir a Princeton ta Amurka a 1966, ya dawo gida ya yi aiki har rasuwarsa a 2017.

Digirin farko kaɗai ba ya isa a yawancin ƙasashe, shi ya sa ɗalibai ke bi ta wata gada. Cibiyar AIMS, wadda ta fara a Afirka ta Kudu a 2003, ta buɗe reshe a Senegal a 2011, a Ghana a 2012, a Kamaru a 2013. Tana ba da digiri na biyu a lissafi tare da ɗaukar nauyin ɗalibi. Cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Amfanin waɗannan wurare shi ne ɗalibi yana fita da takardar shaida daga malamin da jami'o'in waje suka sani.

Bambancin ƙasashe

Amurka tana karɓar mai digirin farko. Karatun kan ɗauki shekara biyar zuwa shida, shekarun farko na darussa da jarrabawa ne, kuma ana biyan ɗalibi alawus saboda koyarwa ko bincike. Wannan ya dace da wanda bai tsayar da fanni ba tukuna, sai dai dokokin biza suna yawan sauyawa.

Faransa tana neman digiri na biyu. Karatun shekara uku ne bisa yarjejeniyar aiki mai albashi, kuma ɗalibi yana shiga ne da batun bincike a hannu. Jamus ma kusan haka take: shekara uku zuwa huɗu, yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatun digirgir, ga cibiyoyin Max Planck da tallafin DAAD. A Birtaniya kuwa kuɗin makarantar baƙi yana da tsada, in babu cikakken tallafi irin na Commonwealth, tafiyar ba ta yiwuwa ga mafi yawan iyalai.

A cikin Afirka akwai jami'ar AUST ta Abuja, da cibiyar IMSP ta Jamhuriyar Benin wadda aka kafa a 1988, da EAIFR ta Kigali, da jami'o'in Afirka ta Kudu. ICTP tana da tsarin STEP, wanda ke bai wa ɗalibi damar yin rajista a jami'ar ƙasarsa yana zuwa Trieste na wasu watanni. Wannan ya fi sauƙi ga mai iyali ko mai aikin koyarwa. Mata kuma suna da tallafin ƙungiyar OWSD.

Batun harshe

Ɗalibin Tamale ya yi karatu da Turanci, na Maraɗi ko Yamai da Faransanci. Amma kusan duk maƙalun fiziks da Turanci ake buga su, har a Faransa da Jamus. Saboda haka ɗan Ghana zai iya yin bincike a Faris, yana koyon Faransanci don zaman yau da kullum, ɗan Nijar kuma dole ya ƙarfafa Turancinsa ko da bai bar ƙasashen Faransanci ba.

Kafin a sa hannu

Ya kamata ɗalibi ya karanta maƙalun malamin na baya-bayan nan a rumbun arXiv, wanda kyauta ne a intanet, ya tuntuɓi tsofaffin ɗalibansa, ya ji inda suka samu aiki. Ya nemi a rubuta masa adadin alawus da shekarun da zai ɗauka, ya kwatanta da kuɗin haya a garin. Gurbin da ba shi da tallafi a rubuce, ko da sunan jami'ar ya kai ko'ina, nauyinsa kan iyaye zai faɗa.