Ƙyallen Iska Iri-iri: Daga Kogin Nilu Zuwa Sifinaka

Wata rana a aji, nan Birnin Konni, na nuna wa ɗalibaina hoton jiragen ruwa biyu masu tafiya da iska, kowanne da wani ƙaton ƙyalle mai launi da ya kumbura a gabansa. Na tambaye su bambancinsu, suka ce: “Malam, launi ne kawai.” Ban ga laifinsu ba, don babban ruwan da yawancinsu suka sani shi ne madatsar Mozage. Amma amsar ta dame ni, domin a cikin siffar ƙyallen nan akwai tarihin shekaru dubbai, har da na kakanninmu.

Fiye da shekara 5,000 da suka wuce, Misirawa suna kafa ƙyalle mai kusurwa huɗu a jiragensu na Nilu. Ruwan kogin yana gangarawa arewa, iska kuwa daga arewa take busowa. Mai zuwa kudu sai ya buɗe ƙyalle iska ta tura shi, mai komawa arewa ya naɗe shi ruwa ya ɗauke shi. Irin wannan ƙyalle ya fi amfani in iska tana baya.

Daga baya ƙyalle mai kusurwa uku ya yaɗu a Bahar Rum da Bahar Maliya. Shi yana iya aiki ko da iska ta fito daga gefe. Alhazan ƙasar Hausa da suka tafi Makka a ƙasa, ta Cadi da Sudan, da yawansu a irin waɗannan jirage na katako suka tsallaka daga Sawakin zuwa Jidda. Ransu ya rataya ne a kan matuƙin da ya san iska da ƙyallen da ya dace da ita.

Wanda ke hoton namu sunansa sifinaka. Ya fito ne a Ingila a shekarun 1860, wurin masu tseren jirage, kuma ana danganta sunansa da wani jirgi mai suna Sphinx. Babba ne, marar nauyi, ana ɗaga shi in iska tana baya ko kusa da baya, ya cika kamar babbar rigar mai tafe a kan babur. Lailon, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1935, shi ya zama yadin ɗinka shi bayan yaƙin duniya na biyu.

Ga yadda ake rarrabe su. Na farko, tsohon samfuri, gefensa biyu tsawonsu ɗaya ne, in an ninka shi biyu zai haɗu daidai. Ana tokare kusurwarsa ɗaya da doguwar sanda da ke fitowa daga jikin turken jirgi, kuma shi ne gwani in iska tana baya sosai. Na biyu gefensa na gaba ya fi na baya tsawo, ana ɗaure kusurwarsa a hancin jirgi, ba ya bukatar sandar da za a riƙa juyawa. Ya bazu a shekarun 1980, mutane kaɗan na iya sarrafa shi, kuma ya fi so iska ta zo ta gefen baya. A cikin kowane iri akwai mai zurfin ciki da yadi siriri don iska mai sanyi, akwai ƙarami mai kauri don iska mai ƙarfi. Wanda ya ɗaga siririn cikin guguwa, ko ya yage ko jirgi ya kwanta.

Iyaye da ƴan uwana malamai, yaranmu sun san iska sarai. Sun san ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, sun ga uwa tana juya baya in za ta sheƙe hatsi. Abin da ya rage mana shi ne mu saba musu da tambayar dalilin siffar kowane abu.

Washegari na kawo kwano cike da ruwa, da ɓawon ƙwarya, da tsinke da takarda. Muka yanka ƙyalle iri biyu, yara suka hura daga baya, suka hura daga gefe. Da na sake ɗaga hoton, wata yarinya ta nuna na dama ta ce: “Malam, wannan ba shi da sanda, kuma gefensa ɗaya ya fi tsawo.”