Matsayin Uwa a Gidajen Kirista na Ƙasar Tsanyawa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda addinin Kirista ya sami gindin zama a wasu gidajen karkarar Kano ta arewa, musamman ƙasar Tsanyawa. Galibin masu rubuta tarihin wannan al'amari sun fi mai da hankali ga Turawan mishan. A ganinmu, ba za a fahimci ɗorewar addinin ba sai an leƙa tsakar gida, inda uwa take.

An kafa ƙungiyar mishan ta SIM a 1893, amma Gwamnatin Mulkin Mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan yin wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi. Sai a shekarun 1930 aka sassauta, har SIM ta karɓi aikin jiyyar kutare a Yadakunya, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ta kuma kafa tashoshi a wurare irin su Roni da Tofa da Tsanyawa. Mafi yawan waɗanda suka karɓi kiran a karkara Maguzawa ne.

To, a al'adar Maguzawa mace ba ta kulle. Tana noma gayaunarta, tana cin kasuwa, ita ce kuma ke ɗauke da rabo babba na ciyar da 'ya'yanta. Da sabon addini ya zo, sai ya tarar da ita da wannan ƙarfi, ya kuma ɗora mata gwaji mai nauyi. Idan yaro ya kwanta ciwo, dangi kan matsa a yi wa iskoki yanka, kamar yadda kakanni suka saba. Uwar da ta ƙi, ta zaɓi addu'a da zuwa ɗakin shan magani, ita za a zarga idan yaron ya rasu. Haka kuma koyarwar auren mace ɗaya ta raba ta da kishi, amma ta bar mata daka da raino da jego ba mai kama mata.

Abubuwa biyu suka tallafa mata. Na farko shi ne karatun boko, domin an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, iyaye mata da yawa kuma suka koyi karatu don su karanta shi, su koya wa 'ya'yansu. Na biyu shi ne Zumuntar Mata, wadda ta zame wa mace kamar dangi: ita ke zuwa barka da suna da ta'aziyya. Sunaye irin su Hannatu da Saratu da Afiniki, waɗanda aka ɗauko daga iyaye mata na cikin Littafin, shaida ne na irin uwar da ake so yarinya ta zama.

An kafa ikilisiyar ECWA a 1954, Turawa kuma suka yi ta raguwa har aikin ya koma hannun 'yan ƙasa. Abin da ya hana waɗannan ƙananan jama'u watsewa shi ne tarbiyyar da yaro ya sha tare da nono. Don haka muna kira ga manazarta da su gaggauta tattara tarihin baka daga tsofaffin matan nan, tun kafin ƙasa ta rufe idonsu.