Ɗurin Adaka a Ƙauyukan Arewacin Kano

Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, sa'ad da Dagaci ya zo daga Barno, ko da ya ke masana da dama suna shakkar wannan. Abin da ya fi tabbata shi ne Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Amma wannan duk sha'anin fada ne. Talakan Dambatta ko Bichi ko Minjibir bai iya mallakar bindiga ba sai da ta yi araha.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burusal, suka ƙuntata sayar wa mutanen Afirka bindigogi masu cin harsashi, suka bar masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Bayan cin Kano a 1903, da isowar jirgin ƙasa a 1911, wannan rabo bai sāke ba. Watau dai doka ta riga manomi zaɓe, sa'an nan aljihunsa ya bi bayanta.

Gama tsadar bindiga ba ranar saye ta ke ba, tana wajen harbi. Mai bindigar Turawa kowane harsashi sai ya sa kuɗi, kuma sai birni, kuma sai da takarda. Mai adaka kuwa shi ke ɗura abarsa da hannunsa. Kayan aikinsa kaɗan ne: ƙahon zuba albarushi, da ɗan ma'auni, da sandar ɗuri, da tsumma. Albarushi kaɗai ke cin kuɗi sosai, shi ma a da a kan saye shi kaɗan kaɗan, gwargwadon abin da gyaɗa ta bari bayan haraji. In babu darma, sai guntayen ƙarfe daga maƙera, daga baya kuma 'yan ƙwallayen keke. Maƙeran ma da suka ga bututun ruwa da sandar sitiyarin mota, sai suka shiga ƙera bindigar da kansu, har dokar makamai ta 1959 ta ce ƙira sai da izini.

Arahar nan fa tana da nata kuɗin. Bututun da ba don wuta aka yi shi ba ya kan tsage, ma'aunin kuwa ido ne da sabo. Wanda ya ƙara albarushi don ƙara ta yi ƙarfi, sau da yawa da yatsunsa ya kan biya. Sunan nan da a kan kira ta, harbi-ka-ruga, ba wasa kaɗai ba ne, domin kafin a sake ɗuri naman da aka kuskure ya yi nisa, ko ya iso.

To, a ƙasar da gona ke haɗe da gona, daji ya ƙare tun da wuri. Ba giwa, ba ɓauna, sai zomo da zabo da gafiya, waɗanda kare da gora sun ishe su. Saboda haka yawancin albarushin da a ke saye a waɗannan ƙauyuka ba nama ya ke kashewa ba. Ya kan tafi wajen korar tsuntsaye daga gero, da tsoratar da ɓarayin shanu, da taryar Hakimi ko hawan Salla, inda a kan ɗura albarushi da tsumma zalla, ba darma ko ɗaya.