Warware Hukuncin Alƙali, da Hukuncin Yaron da Bai Balaga Ba

TAMBAYA: Malam, wata kotu ta kama ɗan ƙanena da laifin sata, shekarunsa 13. Wasu sun ce mana ɗaukaka ƙara ƙin hukuncin Allah ne. Shin ya halatta wata kotu ta rushe hukuncin? Daga wani bawan Allah, Maradun.

AMSA: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ɗaukaka ƙara ba ƙin hukuncin Allah ba ne. Shari'a ba ta kuskure, amma alƙali mutum ne, yana dacewa yana kuskurewa. A wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari, Sayyidina Umar (RA) ya umarce shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa.

Imam Ƙarafi, daga malaman Malikiyya, ya ambaci wurare huɗu da ake warware hukunci: idan ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin Shari'a. Amma mas'alar da malamai suka yi saɓani mai ƙarfi a kanta, alƙali adali masani ya zaɓi ra'ayi guda, ba a rushe hukuncinsa don kawai wani alƙalin ya fi son ɗaya ra'ayin.

Game da yaro, hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya nuna an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, da yaro, da mahaukaci. Da wannan ne Sayyidina Ali (RA) ya tunatar da Umar lokacin da ya yi umarnin jefe wata mace mai taɓin hankali, Umar ya janye. Don haka babu haddi ko ƙisasi a kan wanda bai balaga ba. Balaga a Malikiyya tana tabbata da mafarki, ko haila, ko ciki, ko tsirar gashin mara. In babu ko ɗaya, sai cikar shekara 18 a mashahurin zance. Ke nan shekara 13 kaɗai ba ta yanke magana, sai an bincika. Idan bai balaga ba, ana ladabtar da shi gwargwadon hankalinsa, a mayar da kayan mutane ko a biya ƙimarsu daga dukiyarsa.

Wannan ya faru a ƙasarmu. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya fara aiwatar da Shari'a a Zamfara a Janairun 2000, jihohi maƙwabta sun bi sahu. A Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta rushe hukuncin jifa da aka yanke wa Safiya Husaini, ta Katsina kuma ta rushe na Amina Lawal a Satumbar 2003. Alƙalan Musulunci ne suka yi hakan, da hujjojin fiƙihu.

Ku gaggauta, domin ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, kuma hukuncin da aka riga aka zartar a jiki ba ya komawa. Ku nemi kwafin shari'ar, da shaidar haihuwarsa, da lauyan da ya san fiƙihu. Sai dai ku ji tsoron Allah: haramun ne rage wa yaro shekaru da ƙarya, ko sayen shaidun zur. Kotu tana iya sakinsa, amma haƙƙin mai kaya yana nan har sai an biya ko ya yafe.

Wallahu a'alam.