Tashar Ceto ta Pea Island da Darajar Atisaye

A gaɓar jihar Karolina ta Arewa a Amurka akwai jerin tsibiran rairayi da ake kira Outer Banks, inda ruwan ɗumi mai tasowa daga kudu ke haɗuwa da ruwan sanyi na arewa. Jiragen ruwan da suka halaka a wurin sun yi yawan da aka laƙaba masa suna maƙabartar Tekun Atlantika. A can ne, daga 1880, aka sami tashar ceto guda ɗaya tak a faɗin ƙasar da shugabanta da ma'aikatanta duk baƙar fata ne, wato tashar Pea Island. Masu ba da labarinta sukan tsaya a kan jaruntar dare ɗaya na 1896. A ganina abin da ya fi cancantar a duba shi ne shekaru goma sha shida na horo da suka gabaci wannan dare, da kuma yadda aka yi har mutumin da ya dace ya sami shugabancin.

Tashoshin farko na wannan gaɓa sun yi fama da cutar sanayya: ana ba mutum aiki don ɗan wane ne, ko da bai iya tuƙa kwalekwale ba, kuma ana buɗe su ne 'yan watanni kawai a shekara. A Nuwamban 1877 jirgin yaƙi Huron ya kife kusa da Nags Head, mutum 98 suka mutu, alhali tashar da ke kusa tana kulle don lokacin aikinta bai kama ba. A Janairun 1878 jirgin Metropolis ya bi sahu da rayuka 85. Wannan abin kunya ya taimaka wajen sa majalisa ta kafa hukumar ceto mai zaman kanta a 1878, ƙarƙashin Sumner Kimball. Da jirgin M. & E. Henderson ya halaka kusa da Pea Island a ƙarshen 1879, bincike ya gano sakaci, aka sallami shugaban tashar, aka naɗa Richard Etheridge. An haife shi cikin bauta a tsibirin Roanoke a 1842, ya yi aikin soja a rundunar baƙar fata lokacin yaƙin basasa, kuma masu duba tashoshi sun shaida cewa da wuya a sami wanda ya fi shi sanin ruwan yankin.

Za a iya cewa wannan naɗi ba adalci ba ne, wariya ce aka sauya wa riga, tunda an kwashe fararen ma'aikatan tashar aka kai su wasu wurare, aka tattaro baƙaƙe aka haɗa masa, don kada farar fata ya karɓi umarni daga tsohon bawa. Wannan magana gaskiya ce, ban ga abin musu a cikinta ba. Watanni kaɗan bayan naɗin ma tashar ta ƙone ƙurmus, ana kyautata zaton da gangan aka cinna mata wuta, kuma ba wanda aka hukunta. Sai dai wariyar ba ta bayyana dalilin da ya sa tashar ta yi fice. Abin da ya bayyana shi shi ne tsarin aikin da Etheridge ya riƙe da tsananin soja, yana sane da cewa kuskure ɗaya ya isa a ce baƙar fata ba su iya ba. Ana atisayen harba igiya da ƙaramar igwa zuwa wani dogon turke da ke wakiltar jirgi, ana atisayen kifar da kwalekwale da tayar da shi, ana koyon alamun tuta da farfaɗo da wanda ya sha ruwa. Da dare kuma a bi gaɓa a ƙasa ana sintiri, a haɗu da ɗan sintirin tashar makwabta a yi musayar wani ɗan kwanon shaida, don kowa ya tabbatar ya kai iyakarsa.

Ranar 11 ga Oktoban 1896 mahaukaciyar guguwa ta jefa jirgin E. S. Newman kan rairayi. Ruwa ya shafe gaɓar har Etheridge ya dakatar da sintiri, amma ɗaya daga cikin ma'aikatansa, Theodore Meekins, da ke gadi ya hango ɗan hasken neman agaji. Da ma'aikatan tashar suka isa wurin jirgin, babu busasshiyar ƙasar da za a kafa igwa, kwalekwale kuma ba ya shiguwa. Sai aka ɗaure mutum biyu da igiya suka faɗa ruwa, sauran na riƙe da ita a baya, ana sauya masu shiga, har aka fito da duka mutum tara, ciki har da matar kyaftin da ɗansu ƙarami. Wani zai ce ai wannan ƙarfin hali ne tsagwaronsa, tunda kayan da aka yi atisaye da su ba su yi amfani ba. Amma wa zai yarda ya shiga irin wannan ruwa in bai san hannun da ke riƙe da igiyarsa ba? Wannan yarda a wurin atisaye aka gina ta, mako bayan mako, haka ma natsuwar da ta sa Meekins bai ɗauke ido daga teku ba.

Hukuma ba ta ba su lambar yabo ba a lokacin, ko da yake ta saba ba ma'aikatan wasu tashoshi. Etheridge ya rasu a bakin aiki a 1900, aka rufe tashar a 1947, kuma sai a 1996, shekara ɗari bayan ceton, rundunar tsaron gaɓar Amurka ta miƙa wa zuriyarsu lambar zinare.