Kisan Dakta Bala Muhammad da Matsalar Ƙagaggen Labarin Laifi a Hausa

A ranar 7 ga Yuli, 1981, gwamnatin Jihar Kano ta Alhaji Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano, Alhaji Ado Bayero, takardar tuhuma. Bayan kwana uku, ran Juma'a 10 ga wata, tarzoma ta ɓarke. Aka ƙone gidan Rediyon Kano da majalisar dokoki da wasu ma'aikatu. Aka kuma afka gidan Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, tsohon malamin Jami'ar Bayero, aka kashe shi. An kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Fernandez, kuma a 1982 Yusufu Bala Usman ya tattara wasu takardu a littafi don tunawa da marigayin. Amma ba a kai ga hukunta wanda ya kashe shi ba.

Wannan rashi bai tsaya a birni ba. A wancan zamani Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka yanke Jigawa. Alhaji Sule Lamido, ɗan Bamaina, shi ne ya wakilci Birnin Kudu a majalisar wakilai a 1979, a tutar PRP, jam'iyyar da marigayin ya yi wa hidima. Saboda haka manomin Gwaram da ya jefa mata ƙuri'a yana da haƙƙin sanin wanda ya zubar da jinin.

A ƙasar Amurka irin wannan kisan ya haifar da adabi. An tsinci gawar Elizabeth Short a Los Anjalis a 1947, ba a gano makashinta ba. Bayan shekara 40, James Ellroy, wanda shi ma an kashe mahaifiyarsa a 1958, ya gina labarin The Black Dahlia a kanta. A irin wannan baƙin labari, mai bincike yakan tarar cewa ruɓar ta kai har ga masu riƙe da doka.

Marubutan Hausa na lokacin ba su jahilci duniyar miyagu ba. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, a kan ta'asar Mailoma. Sai dai sunan littafin Gagare kansa ya bayyana ƙa'idar da labarin Hausa ya gada daga tatsuniya da wa'azi: ana sanin mugu, kuma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

A nan matsalar take. Kisan 1981 ba shi da wannan ƙarshe. In marubuci ya laƙa wa wani sananne laifin, ya yi ƙazafi. In ya ƙago mugun da dubunsa ta cika, ya rufe da ƙarya abin da tarihi ya bari a buɗe. Hanyar da ta rage ita ce ya sauya tambaya, daga "wa ya yi" zuwa "yaya aka yi taron jama'a suka gani da rana tsaka, amma shari'a ta rasa mai laifi". Wannan shiru shi ne ainihin abin nazari, ga marubuci da masanin tarihi baki ɗaya.